Hannun da Na Miƙa a Alƙahira

Mutumin da ya tarbe mu a filin jirgin Alƙahira kowa Dokta yake ce masa, amma ko kaza bai taɓa yi wa allura ba. Ɗan ƙasarmu ne da ya je karatu ya zarce dillancin marasa lafiya. A waya ya yi mana alkawarin ɗaki a jikin asibiti, da tafinta, da mai tuƙa mana tuwo. Ɗakin da ya kai mu yana hawa na biyar, da ƙafa ake hawa, kuma sai ka shiga mota biyu kafin ka hango ƙofar asibitin. Ni kuwa a lokacin ƙafafuna sun kumbura har takalmi ba ya shiga, ga robar wankin ƙoda a wuyana da aka sa mini tun a Gusau. Ƙanena Sanusi ne ya riƙa tura ni ta baya, mu hau mu huta, mu hau mu huta. Dokta ya raka mu asibiti sau biyu, ya karɓi abin da zai karɓa, daga nan ya yi ɓatan dabo.

Sunana Mamman, amma daga Ƙaura har Kasuwar Daji in ba ka ce Bahago ba, ba wanda zai gane wa kake nufi. Bakaniken babur ne ni. Ina yaro kakata ta sha buga mini muciya a hannun hagu, har na koyi cin tuwo da gaisuwa da karɓar kyauta da dama. Abu ɗaya ne ya gagare ta, sifana. Hagu ke kwance noti, hagu ke ɗaure shi, da hagu na ciyar da iyalina. Kuma ba na ɓoyewa, ni mutum ne mai gardama. Na taɓa rufe rumfa na bi wani mai sayar da filogin jabu har Shinkafi ranar kasuwa, na tara masa jama'a. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka bakina a mace yake tun asali.

Abin da ya kai mu dashen ƙoda ne. Sanusi ya ce zai ba ni tasa ɗaya. Aka yi ta ɗibar jininmu ana kai mu ɗakin hoto, har ranar da likita ta zaunar da mu. Mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, tana Turanci a hankali saboda ta gane nawa na firamare ne. Ta ce Sanusi ma yana da hawan jini bai sani ba, ba za su taɓa ƙodarsa ba. Da muka koma gida ya zauna a matakala ya ƙi hawa.

"Yaya, mi zan ce ma Inna? Munka zo har nan, in koma da abina?"

"Ka koma da abinka ka sha magani," na ce masa. "Ko so kake mu zama biyu a kan inji?"

Damina ta riga ta faɗi, gonarmu ba mai shuka ta, ga 'yan'uwan matarsa sun gudo daga Kurya Madaro saboda 'yan bindiga sun cika masa gida. Dole ya tafi. Ya haɗa mini magungunana a leda, ya wanke mini kaya, ya tsaya a ƙofa yana ta juya hula a hannu. Na kore shi da faɗa, don na san in ya ƙara minti ɗaya ni zan fara kuka.

Na zauna ne saboda likitar ta ce robar wuya ba abin dogaro ba ce, tana jawo zazzaɓi, tana iya kashe mutum. Za su yi mini ƙaramar tiyata a hannu su haɗa jijiyoyi biyu, in haɗin ya yi ƙwari ta nan za a riƙa wanke mini jini har ƙarshen raina. Sai ta tambaye ni da wane hannu nake aiki. Na ɗaga hagu. Ta ce to a dama za a yi. Bayan tiyatar ta kama yatsuna ta ɗora a wuyan hannun. Na ji wani abu na rawa ƙarƙashin fata, kamar ka dafa tankin babur inji na aiki a hankali.

"Muddin kana jin wannan, haɗin yana raye," in ji ta. "Kada kowa ya auna maka jini a hannun nan. Kada a soka allura, kada a sa ƙarin ruwa. Ko ni ce na zo, ka hana ni. Mako shida, mu cire robar wuya ka tafi gida. In ya mutu, hagu za mu koma."

Na ce mata hagu ba na taɓawa ba ne, shi ne abincina. Ta ce to in kula da dama. Ta ɗaura mini wata jar roba a hannun, mai rubutun Larabci, ta ce alama ce ga ma'aikata.

Mako shida a baki ba komai ba ne. Sau uku a mako zan sauko daga hawa na biyar, in shiga mota biyu, in kwanta awa huɗu jinina na fita yana dawowa, sannan in kamo hanya jiri na ɗibata. Ruwan da aka yarda in sha a yini bai cika ƙaramar gora ba. Ni da nake shanye kwanon fura a tsaye, na koma tsotsar ƙanƙara. Abincinsu wake ne da burodi, waken ma an ce in rage. Na yi mafarkin hoce da miyar kuka ya fi a ƙirga.

Amma ba yunwa ce ta fi cina ba, rashin mai gaisuwa ne. Garin nan mutane sun fi ƙasa yawa, ga hayaniya ba dare ba rana, amma sai in yini ban buɗe baki ba sai a salla. A masallaci ana sallamewa kowa ya ɗauki takalminsa. Ba mai tambayarka gida, ba mai tambayar gajiya, ba mai cewa ina ruwa. Larabcin da na sani na allo ne, in na yi wa mai shago sai ya yi dariya ya ce sadaƙallahul azim. Maiɗakina Hadiza takan turo mini murya a waya in an samu sabis. Akwai wadda na saurara har na haddace, ba don maganarta ba, don a bayanta ana jin wani yana ta buga kik babur ya ƙi tashi. Ina daga kwance a Masar na san filogi ne.

Wata rana na dawo daga wanki na tarar da kujera a kwanar hawa na uku, daidai inda na saba durƙushewa in huta. Kujerar roba ce, an ɗaure mata ƙafa ɗaya da waya. Washegari tana nan, jibi ma haka. Daga baya na gane wata tsohuwa ce a hawa na huɗu ta sa aka ajiye. In mun haɗu takan kau da kai, ni ma in kau. Har na bar gidan ba mu taɓa magana ba, kuma har yau ina sa ta a addu'a.

A ɗakin wanki na haɗu da Inna Zainabu. Wata rana inji ya ja mini jijiyar ƙafa na ce, "Wash, Allah na!" Sai na ji daga gadon da ke gefe an ce, "Sannu, ɗan Sakkwato." Tsohuwa ce baƙa, 'yar firit, ta lulluɓa da mayafin Sudan. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa zai je hajji, ya tsaya a Sudan bai ƙarasa ba, bai kuma koma ba. Yaƙi ne ya koro ta Masar. Hausarta irin ta tsofaffinmu ce sak. Na ce mata ni ɗan Zamfara ne, ta ce duk ɗaya ne, ba ta san wannan rabon ba.

Na ji daɗin samun ta, amma tana ba ni kunya. Ba a taɓa ta sai ta yi tambaya. In nas ta zo da allura sai ta riƙe mata hannu, a nuna mata kwalbar, a karanta mata sunan da ke jikin takarda. In an hau da ita ma'auni sai ta leƙa lambar da idonta, sannan ta sa a faɗa mata ruwa nawa aka ce inji ya cire. Ranar nan na kasa haƙuri.

"Inna, ki bar su su yi aikinsu mana. Sun hi mu sani."

"Sun hi mu sanin littahi," ta ce. "Yarinyar ga tun asuba take tsaye, gado goma take dubawa. Ni gado ɗaya nika dubawa. Wa za ya riga ganin kuskure?"

Na ce ai rashin kunya ne mutum ya zo ƙasar mutane neman taimako, sannan ya riƙa tuhumarsu.

"Ka ce kai mai gyaran babur ne. In mutum ya kawo nashi ya ce maka birkin gaba na da matsala, ka yi hankali, zagin ka ya yi?"

Na yi dariya na ce a'a. A raina kuwa na ce tsufa ne da mita.

Ranar Juma'ar mako na biyar abin ya faru. Na yi alwala na cire jar robar nan na rataye a ƙusar taga, don tana hana ruwa ratsawa, na manta da ita. Ana idar da salla sanyi ya kama ni, haƙorana na haɗuwa, ga rana tsaka. Mai gadin gidanmu ya gan ni a bakin ƙofa ya tsayar da mota ya kai ni asibiti. Su Juma'a ce ranar hutunsu, ɗakin ƙoda a rufe, sai aka wuce da ni ɗakin gaggawa inda ba wanda ya san ni. Fayil ɗina yana wancan ginin.

Wanda ya karɓe ni dattijo ne, farin gemu, ga tabon salla a goshi. Zai yi sa'ar mahaifina. Ya gyara mini matashi da kansa, ya yi mini sallama, ya miƙo hannu. To wane hannu za ka ba dattijon da ya yi maka sallama? Na ba shi dama. Bai saki ba. Ya yi bisimilla ya naɗa abin awon jini a damtsen, a kan hannun riga, ya ɗaure ƙasa da wata roba ya soka allurar ƙarin ruwa. Tabon tiyatar ya warke, kuma a baƙar fata irin tawa sai ka duba da kyau.

Ba zan yi ƙarya in ce zazzaɓi ya gusar mini da hankali ba. Ina sane. Kalmar a'a da Larabci na san ta, harafi biyu ce, ta zo har bakina. Amma sai na ga kaina ina fizge dama daga hannun dattijo ina miƙa masa hagu, abin da ko almuru ba zai yi a garinmu ba. Na ce a raina ai ya ga robar wuyana, ya san ko ni wane ne. Na ce ƙila dokar ta makon farko ce. Na ce sau ɗaya ba zai yi komai ba. Na ce mutum mai wannan gemu ya fi yarinyar likitar nan daɗewa a aiki. Duk wannan na faɗa wa kaina, shi ban ce masa komai ba sai na gode.

Abin awon irin mai aiki da kansa ne. Bayan ɗan lokaci sai ya kumbura ya matse damtsen, ya saki, can ya sake. Haka ya yi ta yi har barci ya ɗauke ni. Na farka ana kiran la'asar a wani masallaci kusa, zazzaɓin ya sauka. Na ɗora yatsuna a wuyan hannun. Na matsa sama, na matsa ƙasa, na kai kunne. Shiru.

Da safe likitata ta zo. Ta sa abin sauraronta, ta daɗe, sannan ta ga allurar a hannun. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Suka shiga da ni ɗakin tiyata suka yi ƙoƙarin buɗe hanyar, jini ya riga ya daskare a ciki. Da na dawo gado sai ga ta tare da dattijon. Ta yi masa faɗa da Larabci. Daga baya ta gaya mini abin da ta ce: duk wanda ya ga roba a wuyan mara lafiya, wajibinsa ne ya tambayi wane hannu kafin ya taɓa. Dattijon bai musa ba. Ya dafe kai da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa, ya yi wata magana yana kallona.

"Yana cewa laifinsa ne," in ji likitar. "Yana kuma tambaya, me ya sa ba ka gaya masa ba? Ni ma ina son in sani."

Da wane Turanci zan bayyana mata muciyar kakata? Na ce mata kawai ya girme ni. Ta tsaya tana kallona, ba ta gane ba, kuma da na ji maganar da kunnena ni ma sai na kasa ganewa.

Bayan kwana biyu dattijon ya dawo da ledar lemo. Mai ciwon ƙoda irina ba ya shan lemo. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, na ba mai shara.

Na yi zaton Inna Zainabu za ta wanke ni tas. Ba ta yi ba. Ta saurara har na gama.

"Ka ji kunyatai," ta ce. "Shi gobe da hannunshi biyu za ya zo aiki."

Ta miƙo mini ƙanƙara ɗaya daga kofinta.

Aka sake tiyatar a hagu. Wani mako shidan ya ɗora, ga na jinyar zazzaɓi a tsakani. Su Sanusi suka yi noman farko, suka yi maimai, gero ya fitar da kai, ina hawa na biyar. Na daina sauraron saƙon Hadiza da rana saboda in na ji sai in kasa saukowa. Ban gaya wa kowa a gida abin da ya faru ba, na ce musu aikin farko ne bai kama ba. Sanusi ya yi ta tsine wa asibitin a waya, ni kuma ina jin sa na yi shiru, don na san rabin tsinuwar tawa ce.

A wannan zangon na koyi tambaya, da baƙin ciki na koye ta. Duk wanda ya nufo ni sai in ɓoye hannun a bayana in ce mene ne wannan, na waye, don me. Wata rana bayana na ciwo, wata sabuwar nas ta kawo mini ƙwaya. Na ce ta nuna mini kwalin, na ce mata ni mai ƙoda ne, ta tambayi likita tukuna. Ina jiran ta ɓata rai. Ta je ta dawo da wata ƙwayar daban, ta ce waccan ba ta dace da ni ba, ta yi mini godiya ta wuce gado na gaba. Shi ke nan. Ba wanda ya ji haushi, ba wanda ya ce ba ni da tarbiyya. Ranar na juya fuskata bango na yi kukan da ban yi ba ranar da haɗin dama ya mutu, don na ga ƙanƙantar abin da aka nema daga gare ni.

Na so in ba Inna Zainabu labarin, amma da na zo wankin gaba wani mutum ne a gadonta. Aka ce 'yarta ta mai da ita wani gari. Ba ta da waya, ban san sunan garin ba.

Yanzu ina gida. Sau biyu a mako nake bin hanyar Gusau, in hanya ta yi kyau. A bencin jira an san ni da surutu, duk sabon da aka kawo sai na zauna kusa da shi. Nakan ce masa ma'aikatan nan ba maƙiyanka ba ne, mutane ne masu gajiya da mantuwa kamar kai. Ka san nauyinka, ka san sunan maganinka, ka san hannun da ba a taɓawa. In ka ga abin da bai yi maka ba, ka yi sallama, ka gaishe su da kyau, sannan ka tambaya. In dattijo ne ka ce Baba, ka tambaya. Wasu su ji, wasu su ce Bahago ya cika mita.

Haɗin hagu ya kama, alhamdu lillahi, da shi nake raye. Sai dai yatsun sun zama masu sanyi, ba sa damƙa, kuma an hana ni ɗaukar nauyi, an ce ko ƙwarzane in kiyaya. Rumfata tana nan, nakan buɗe in zauna don kada zaman gida ya kashe ni.

Kwanan baya Bello ya zo, wani Bafillace daga wajen Birnin Tsaba. Tun babur ɗinsa na farko ni nake taɓa masa, yakan wuce bakanike goma a hanya ya zo wurina. Bai ji labarina ba. Ya turo babur ɗin yana gumi, muka gaisa, ya tayar. Kafin ya kashe na san inda ciwon yake. Na buɗe akwati na ɗauko sifana da hagu, na sa a kan noti, na ja. Ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Na ɗauka na gwada da dama, hannun ya riƙa neman hanya kamar na ɗan koyo. Bello ya dubi hannuna, ya ga jijiyar da ta kumbura da tabon allurai.

"Ashe ba ka da lahiya, Bahago. To bari in bar shi nan. In ka warke ka gyara, ba ni sauri."

"Wanga ba ya warkewa, Bello."

Na nuna masa rumfar Lawali a tsallaken titi, mutumin da na yi shekaru ina cewa bai iya ɗaure noti ba. Na ce ya gaya masa ya duba kafireta, kada ya bari ya kwance masa inji.

"Ni ban saba da shi ba," in ji Bello.

"Za ka saba."

Ya tura babur ɗin ya tsallaka, sau biyu yana waiwayowa. Na goge sifanar da gefen rigata, na mai da ita cikin akwati na rufe.